Murhun da Orval Hruska Ya Zaɓa

Wani abu ne ke numfashi a bayan shinge. Delmar Pokorny ya daɗe kwance yana saurare kafin ya yarda ba mafarki yake yi ba. Sai abin ya ja iska, ya riƙe, sannan ya sake ta da wani "fuff", kamar saniya ta cusa kai cikin durom. Ba ya sauri, ba ya tsayawa. Delmar ya taɓa jin labarin maraƙin da ya diro daga motar dabbobi ya kwana cikin lambun kabejin wata mata, saboda haka ya zura takalmi ba safa, ya ɗauki tocila ya fita.

Babu maraƙi. Tagar ɗakin maƙwabcinsa Orval Hruska ce a buɗe, wata 'yar fitila koriya tana haskowa daga ƙasa.

"Kashe tocilar nan, ɗan sa-ido," in ji murya daga ciki. "Amaryata ce ke minshari."

"Orval, mene ne wannan?"

"Je ka kwanta. Da safe ka zo ku gaisa."

Da gari ya waye ya je. Amaryar wani injin ba da iskar numfashi ce, mai kama da ƙaramin akwati, tana tsaye kan tayoyi a gindin gado. Wani siririn tiyo ya fito daga jikinta, ya bi ta falo, ya zagaye ƙafar tebur, ya shiga kicin, ya ƙare a hancin Orval. Renae, 'yar Orval da ta dawo gidan da zama tun rasuwar mahaifiyarta, ita ce ta yi bayani tana wanke kofuna, ba ta juyo ba. Huhu ne. Ƙurar hatsin da ya shaƙa tsawon aikinsa a babban rumbun gari ta taru ta zauna. Tiyon yana kaiwa ƙofar bayan kicin, daga nan ya ƙare.

"Likita ya ce ko ashana kada a kyasta kusa da shi," ta ce. "Iskar nan da wuta ba sa ga-maciji."

Duk su uku suka kalli filin da ke bayan gidan, inda Tsohuwa take.

Tsohuwa murhun gashin Orval ce. Tankin gas ne na gona, ya yanka shi da kansa ya yi masa walda, ya dasa masa bututun hayaƙi na wata tarakta da ta mutu, hannun murfin kuma daga ƙofar motar makaranta ya ciro shi. Har yanzu in ka duba da kyau za ka ga an rubuta "ja" a jikin hannun. A garinmu, in yaro ya gama sakandare, share gareji ake yi, a jera tebura, a manna hotunansa tun yana tsumman goyo, a ɗage ƙofa, duk mai ƙafa ya zo ya ci. A layinmu kuwa naman bikin na Orval ne. Kai dai ka kawo naman ƙirjin bijimi, shi zai kwana a kujera yana ciyar da Tsohuwa itacen tuffa guntu-guntu har rana ta fito. Akwai masu furfura a yau da za su ce maka "Orval ne ya gasa na bikina," kamar yadda mutum ke ambaton limamin da ya ɗaura masa aure.

Saura Tessa, 'yar Renae, autar jikokinsa. Nata bikin ƙarshen watan Mayu.

"Na yi magana da kantin nama na birni," in ji Renae. "Suna kawowa a dafe, a yanke, har da miyarsa."

"A roba," in ji Orval.

"A roba, Baba. Kuma ba wanda ya taɓa mutuwa don ya ci."

"Na gasa wa 'ya'yan mashaya, na gasa wa ɗan da ya fasa mini gilashin mota. Sai tawa ce za ta ci na roba?" Ya tsaya ya ja iska. Yanzu maganarsa gunduwa-gunduwa take fita. "Ni zan gasa."

"Da me? Da ido?"

Delmar ya juya hularsa a hannu. Ya san abin da zai faɗa zai jawo masa zagi, amma ya faɗa. "Akwai irin nawa."

Na Delmar murhu ne mai cin ƙwayar itace, wato garin katako da aka matse ya zama 'yan ƙwayoyi. Ka cika masa ɗan rumbunsa da ke gefe, ka sa shi a lantarki, wani murɗaɗɗen ƙarfe ya riƙa juyawa yana tura ƙwayar cikin wuta kaɗan-kaɗan, kai kana barcinka. Tun ranar da ya saye shi bai huta da bakin Orval ba. Kashin zomo, haka yake kiran ƙwayar. Murhun kuma tandar malalata. Yakan leƙo ta kan shinge ya ce, "Delmar, yau me matar gidan ke toyawa?"

"Fita mini daga gida," in ji Orval.

Delmar ya shanye kofinsa tukuna, sannan ya fita.

Ba a yi mako ba sai ga murya ta kan shinge, daga ƙofar kicin. "Kai, mai zomo! Wannan abin naku, a ina ake ganin na kirki?"

Ranar Asabar Gaylen mai kantin kayan ƙarfe yakan jera murhuna a bakin titi ya kunna su, yana rabon cinyoyin kaji kyauta don jan masu saye. Kantin nan ne mai maraƙi mai kai biyu a cikin gilashi, wanda ya gada wurin kakansa. Kai ɗaya na kallon ƙofa, ɗayan na kallon shiryayyen ƙusoshi, kuma an ce na hagun ya riga na daman mutuwa da yini guda. Delmar bai taɓa wucewa bai gaishe su ba a zuciyarsa.

Kafin su nufi can, Renae ta sa Delmar ya rantse ba zai bar mahaifinta ya fito daga mota ba. Don haka ya ajiye motar a tsallaken titi, gaban banki, inda iska ke kaɗo hayaƙin. Orval na zaune da 'yar tukunyar iska tsakanin ƙafafunsa, gilashi a sauke.

"Lale da sarkin wuta!" Gaylen ya ɗaga murya daga can. "Yau kai ne a layin masu kashin zomo? Bari in duba sama, ko rana ta fito daga yamma."

"Rufe baki ka buɗe murfi," in ji Orval. Muryar ba ta tsallaka titin ba, sai da Delmar ya kai saƙon da ƙafa.

Haka aka yi ta yi, Delmar na kai gwauro yana kai mari. Murhu uku ne. Na farko, ɗan ƙarami kore, Orval ya kore shi da hannu tun daga nesa, ya ce na masu gasa kifi biyu ne. Saura baƙi da ja.

Baƙin dogo ne mai sheƙi. Gaylen ya jero abin da ke gare shi kamar mai kirari: rumbunsa babba ne, yana da tagar gilashi ka ga saura nawa, allurar auna zafin nama har huɗu, fitila a ciki, in nama ya nuna ya yi maka ƙara. Jan kuwa gajere ne mai kauri, ba shi da kyan gani. Maɓalli ɗaya ne a jikinsa, na murɗawa, da allura ɗaya, da lambobi manya jajaye. Rumbunsa bai kai na baƙin ba.

"Zai kai safe ba a ƙara masa ba?" Orval ya tambaya da Delmar ya dawo.

"Ya ce zai kai asuba."

"Gaylen ya ce. Gaylen ya taɓa sayar mini da famfon da ya ce zai binne ni." Ya murza zoben aurensa. Zoben da a da sai da sabulu, yau ya fito ba gardama. Ya miƙa wa Delmar. "Je ka ƙwanƙwasa su. A murfi, a ciki, a ƙasa."

Delmar ya tsallaka. Ya buga baƙin, ya ce kwal-kwal kamar gwangwanin madara. Ya buga jan, ya ce dum, sautin ya nutse bai dawo ba. Ko bai juya ba ya san Orval ya ji.

"Bangonsa biyu ne," Gaylen ya ce, ya ɗan rage murya. "Mutum huɗu ke ɗaga shi. Ba a cika saye ba, mata ba sa son kalar."

Sai aka zo kan hayaƙi. Orval ya sa a rage wutar duka biyun, a rufe, kowa ya matsa. Masu cin kaji suka tsaya da ƙashi a hannu suna kallo, ba su san abin da ake jira ba. Baƙin ya tofo fari mai kauri, ya yi shiru, ya sake tofowa. Jan ya saki wani siriri mai ɗan shuɗi-shuɗi, wanda sai ka ƙanƙance ido kake ganinsa, yana tashi bai yanke ba. Orval ya zare tiyon daga hancinsa, ya rufe ido, ya shaƙa. Tari ya turnuƙe shi har leɓensa ya canza launi. Delmar ya mayar masa da tiyon.

"In Renae ta ji, kashe ni za ta yi."

"Ja," in ji Orval da ya sami magana. "Ja ya san abin da yake yi."

Da a nan aka tsaya da an huta. Amma Gaylen ya tsallako da wayarsa a hannu, ya jingina da ƙofar motar.

"Tsaya, ba ka ga babbar ba. Danna nan."

Orval ya danna da ɗan yatsansa mai kaushi. A can tsallaken titi baƙin murhu ya yi gurnani, hayaƙi ya tashi. Ya sake dannawa, gurnanin ya kwanta. Ya ɗaga, ya sauke, ya ɗaga, kamar yaron da aka ba fitila a karon farko. Ga lambobin nan a fuskar wayar suna hawa suna sauka a tafin hannunsa.

"Daga kicin ma yana ji?"

"Daga kicin, daga gado. Ko daga asibiti kake..." Gaylen ya haɗiye sauran, ya shiga gyaran hularsa.

"Jan fa?"

"Ja sai an je an murɗa."

Orval ya daɗe riƙe da wayar kafin ya mayar. Bai sayi komai ba ran nan. Ƙwayar itace kawai ya karɓa cikin tafi, ya ciji ɗaya, ya jefa sauran a ragowar kofinsa, yana kallon yadda suka kumbura suka koma gari har suka isa gida.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Kullum da yamma Delmar yakan zagayo ya zauna a matakalar ƙofar kicin, Orval na ciki kan kujera, daidai inda tiyonsa ya ƙare. Maganar ɗaya ce, ana juya ta kamar waina. Yau kaurin ƙarfe, gobe girman rumbu, jibi ko ruwan sama zai shiga ya jiƙa ƙwayar ta toshe murɗaɗɗen ƙarfen. Renae ta ce in ta sake jin kalmar rumbu za ta koma birni. Tessa kan wuce da jakarta ta shafa sanƙon kakanta.

"Kaka, ka zaɓa kafin in yi aure dai."

"Wa zai kwashi mai kunnen jemage? Wuce ki ba ni wuri."

Ranar da ya faɗi abin da ke ransa, ba ya kallon Delmar. Tsohuwa yake kallo, ciyawa ta fara tsirowa a ƙafafunta.

"In na ɗauki baƙin, ina nan zaune, ni ke ɗagawa, ni ke saukewa. Ni na gasa ko ba ni ba?"

"Kai ka gasa mana."

"Nama mai ɗacin hayaƙi, wanda iska ta busar ta ramukan gwangwani."

"To ɗauki jan."

"In na ɗauki jan, kai za ka murɗa. Kai, da ka taɓa mayar da ƙirjin sa takalmi." Ya ja iska. "Nama mai kyau. Amma na wa?"

Jirgin ƙasa mai ɗaukar gawayi ya zo wucewa ta bayan gari, suka bi shi da ido har wutsiyarsa ta ɓace.

"Kira Gaylen," in ji Orval. "Ja. Yarinyar ba yatsana za ta ci ba." Ya nuna Delmar da haɓa. "Amma ka ji sharaɗi. Kai hannu ne. Hannu ba ya shawara. In ban ce murɗa ba, ko gidan ne ke cin wuta, ba ka taɓa."

Mutum huɗu kuwa suka sauke shi. Renae ce ta nuna inda za a ajiye, can kusa da shinge, nesa da ƙofa fiye da yadda likita ma ya ce. Daga kujerarsa Orval ba ya iya karanta lambobin, sai ya sa aka ɗauko masa madubin hangen nesan da yake kallon tsuntsaye da shi. Haka layinmu ya riƙa ganinsa a kwanakin nan: tsoho a bakin ƙofa, tiyo a hanci, madubi a ido, yana leƙen murhun da ke cikin gidansa kamar mai dakon barewa.

Sun gwada sau ɗaya da ƙaramin nama. A nan Delmar ya sha faɗa, don lambar zafin naman ta hau ta hau, sai ta tsaya cak, shi kuma hannunsa ya tafi kan maɓalli da kansa.

"Sauke hannun nan!"

"Ai ya tsaya, Orval. Ya fi awa bai motsa ba."

"Turjewa ya yi. Kowane ƙirji sai ya turje. Gumi yake yi, gumin na sanyaya shi." Ya huta. "A nan jijiyar ke narkewa. Ku masu gaggawa sai ku ƙara wuta, ku buɗe murfi kuna leƙe. Shi ya sa naku sai da zarto."

"Sai yaushe zai tashi?"

"Sai ya ga dama. Ba ya faɗa wa kowa."

Jajibirin biki Orval ya gyara naman da hannunsa a kan teburin kicin. Ƙirji uku ne manya. Ya fere kitsen da wuƙarsa mai siririn baki, ya yanka ya huta, ya yanka ya huta, aikin da a da kafin ruwan kofi ya tafasa ya gama. Ba wanda ya ce bari in taimaka. Gishiri da baƙin masoro kawai ya barbaɗa, ya daddanna da tafi. Delmar ya kwashe ɗaya bayan ɗaya ya kai, Orval na ba da umarni da madubi a ido: kitse sama, mai kaurin ya fuskanci wuta, allura a tsakiyar babban. Ya faɗi inda za a tsayar da maɓalli, Delmar ya murɗa. Siririn hayaƙin ya tashi rana na faɗuwa.

"To, tafi ka kwanta," in ji Orval. "Ba don barci kuka ƙirƙiro abin ba?"

"Kai fa?"

"Ni ban taɓa barin nama ya kwana shi kaɗai ba."

Da hantsi bai ɗaga ba Delmar ya dawo da buhun ƙwaya a kafaɗa. Rumbun ya kusa ƙarewa, amma bai ƙare ba. Ya cika shi. Orval na nan kan kujerarsa, an lulluɓe shi da bargo, idanunsa sun faɗa amma suna sheƙi.

"Gaylen bai yi ƙarya ba wannan karon," in ji Delmar.

"Kuskure ya yi." Orval ya ɗaga madubin da ƙyar, ya sauke. "Naman ya turje. Tun asuba."

"Mutane ƙarfe biyu za su fara zuwa."

"Su zo. Kada ka taɓa. Je ka taya yarinyar jera tebura."

Delmar ya zagaya gareji. Tessa na kan tsani tana manna hotuna, ta miƙa masa gam ya riƙe. Akwai wani hoto da take kan wuyan kakanta a gaban Tsohuwa, ba ta da haƙoran gaba, fuskarta duk maiƙo. Suka yi gardama kan ko a sa shi sama ko tsakiya. Suka shimfiɗa ledar tebur, suka jera kujerun da aka aro daga coci. Ba su daɗe sosai ba.

Da ya koma, Renae ce a durƙushe gaban kujerar, ta riƙe hannun mahaifinta. Kansa ya ɗan karkata kamar mai sauraron wani abu a ƙasa. Madubin na kan cinyarsa. Ta ɗago ta kalli Delmar, ba ta yi kuka ba tukuna.

"Na je in ɗauko masa safa ne kawai," ta ce.

Abin da ya biyo baya irin wanda kowa ya sani ne. Ma'aikaciyar jinya ta zo, limamin coci ya zo, masu ɗaukar gawa suka zo da doguwar motarsu suka shiga da baya. Wani ya naɗe tiyon ya rataye a ƙofa. Tessa ta shige ɗakinta. Delmar bai san inda zai sa kansa ba, sai ya tafi ya tsaya gaban jan murhu. Murɗaɗɗen ƙarfen na ta juyawa a ciki, ƙwayoyi na faɗawa wuta ɗaya-ɗaya. Lambar tana inda Orval ya bar ta.

Ba a ɗage bikin ba, don ba wanda ya san yadda ake ɗagewa. Rabin dangi suna hanya tun safe, mutanen gari kuma da suka ji labari kwanukan da suka shirya don biki su suka ɗauko, suka canza riga kawai. Wajen azahar Renae ta fito filin bayan gidan, idanunta a kumbure, ta tsaya gefensa.

"Bai nuna ba?"

"Bai tashi ba tukuna."

"Baba Delmar, mutane sun fara zuwa. Ƙara wutar, don Allah. Ba ni da ƙarfin wani abu yau."

Gaylen ma ya iso da baƙar riga wadda ta matse shi a ciki. Ya leƙa lambar ya yi tsaki. "Ɗaga shi sama kawai, ka naɗe su a takarda, awa biyu ka gama. Kowa haka yake yi. Yau wa zai tsaya bambance ɗanɗano?"

Delmar ya ɗora hannu kan maɓallin. Yana da ɗumi, yana juyawa cikin sauƙi, ya sani. Ya waiga ƙofar kicin. An janye kujerar an kai gareji, don kujeru sun yi kaɗan.

"Ba a ce in murɗa ba," ya ce.

"Wa zai ce maka?" in ji Gaylen. "Delmar, mutumin nan fa..."

"Ba a ce ba."

Ya cusa hannayensa biyu cikin aljihu. Renae ta dube shi, ta koma ciki.

Gareji ya cika. Aka ci dankali, aka ci wake, aka ci burodi da kek mai sunan Tessa, aka bar babban faranti na tsakiya wayam. Mutane na zuwa su rungumi Renae su ce Allah ya jiƙansa, su juya su rungumi Tessa su ce barka, wasu su rikice su faɗi duka biyun ga mutum ɗaya. Maza suka riƙa zagayowa baya ɗaya-ɗaya, su tsaya kusa da Delmar, su kalli lambar, su kalli sama, su koma. Wani ya ce yara sun fara kuka da yunwa. Wasu daga nesa suka yi sallama suka kama hanya. Delmar bai zauna ba. Wata tsutsa koriya ta hau ƙafar murhun, ta ji zafi, ta juyo. Ya bi ta da ido har ta shige ciyawa.

Inuwar shinge ta kai ƙafarsa lokacin da lambar ta motsa. Ɗaya ta ƙaru. Ya ɗauka idonsa ne. Sai ta sake ƙaruwa, daga nan ta kama hawa a natse kamar ba ita ce ta tsayar da gari ba.

Ko da ƙirji ukun suka nuna bai kai su tebur ba. Ya naɗe su a tsofaffin tawul ya rufe a akwatin sanyi ba ƙanƙara, su huta, kamar yadda ya sha gani ta kan shinge. Sai da rana ta yi ja sannan ya shiga gareji da na farko a kan katako. Bayansa baƙi ƙirin kamar gawayi, yana rawa in an taɓa. Surutu ya ɗauke.

Tessa ce ta kawo wuƙar kakanta. Delmar ya miƙa mata katakon, ta girgiza kai, shi ma ya girgiza, a ƙarshe ita ta yanka. Yankan farko ya karkace. Na biyu ya fita daidai, ta ɗora shi kan yatsanta kamar yadda tsohon ke yi, ya lanƙwaso gefe biyu bai karye ba, ruwa na bin hannunta har gwiwa. Ta ci a tsaye, ta juya wa mutane baya, tana fuskantar hotunan.

Aka bi layi da faranti. Ƙarar cokula ta cika gareji. A ƙarshen tebur Bernice Vavra ce zaune, tsohuwar da ke tsallaken layi, wadda Orval ya gasa wa 'ya'yanta biyar da jikoki. Ta yi ta tauna a hankali da 'yan haƙoran da suka rage mata. Ta goge baki, ta dubi Renae, ta dubi Delmar da ke tsaye a bakin ƙofa da tawul a kafaɗa.

"To ni ku gaya mini," ta ce, da ƙarfi irin na mai nauyin kunne. "In an tambayi yarinyar nan gaba, wa za ta ce ya gasa na bikinta?"

Renae ta sunkuya tana tattara faranti. Delmar ya juya ya kalli filin bayan gidan. Bai kashe murhun ba, don wannan ma ba a ce masa ba, siririn hayaƙin na ta tashi ta saman shinge.